Telan da Na Yi wa Tafinta

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koyar da Faransanci a wata makarantar 'yan mata a Zariya, amma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa zama da mutumin da harshen yake fita daga bakinsa ba tare da wahala ba. Ɗalibaina su haddace gaisuwa da sunayen ranakun mako, su rubuta jarrabawa, su zubar da komai a bakin ƙofar makaranta. Ni kaina na fara jin harshen yana yi mini nauyi a baki. A gidan mahaifinmu nake zaune a Tudun Wada, ni da ƙanwata da 'ya'yanta uku, a layin da ke bayan masu sayar da katako. Gidajen Kirista biyu ne kacal a layin, har da namu, kuma ba mu taɓa samun matsala da kowa ba. Ran Juma'a in masallaci ya cika har sahu ya kawo ƙofarmu, sai mu bi ta ƙofar baya.

A kan kwanar layin akwai shagon ɗinki na wata dattijuwa da kowa yake kira Hajiya. Na marigayi mijinta ne. Keken da teburin yanka duk ta bar su yadda suke, takan sa tela a ciki ya yi aiki. Wata shekara da damina sai muka ga sabon tela, dogo, siriri, da ɗan furfura a gemu. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da “gobe” da “an gama” ba. Aka ce Bafillace ne daga wata ƙasa, Hajiya ta gan shi yana kwana a baranda ta tambaye shi abin da ya iya, ya nuna mata keken da yatsa.

Na kai masa atamfar ankon matan cocinmu tare da wata tsohuwar rigata ya gwada da ita. Ya shimfiɗa rigar a kan teburi, ya ja tef, yana ta motsa baki. Sai na ji ashe ƙirga awon yake yi da Faransanci. Na ce masa, da Faransancin, ya ƙara mini yatsa biyu a kafaɗa domin na yi ƙiba. Tef ɗin ya faɗi daga hannunsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya jawo kujera ya goge ta da hannun rigarsa ya ce in zauna.

Daga ranar, in na taso makaranta sai na tsaya a shagon. Yana taka keke muna hira, yana gyara mini kurakuraina cikin ladabi. Madam yake kirana. Sai da muka yi wata huɗu a haka kafin ya ba ni labarinsa, shi ma ba a zama ɗaya ba.

Mutumin Gini ne, daga wani gari cikin duwatsu. Yana da shagonsa a can. Shi da matarsa suka yanke shawarar su bi ta sahara su tsallaka teku, don ba su samu haihuwa ba kuma maganganun dangi sun ishe ta. A Libiya wasu masu bindiga suka tare motarsu, suka kwashe su zuwa wani gida mai doguwar katanga, maza ɗaki daban, mata daban. Suka karɓe musu takardu da wayoyi. Sukan kira ɗan'uwan mutum a waya, su kunna wa jarkar roba wuta tana ɗiga a bayan wanda suka kama, don wanda ke can gida ya ji ihun. Ganinsa na ƙarshe da matarsa ta wata kafa ce a jikin ƙofa: ana tura ta cikin akori-kura tare da wasu mata, takalmi ɗaya a ƙafarta. Bayan watanni ya samu ya fita. Ya biyo motocin kaya ya dawo kudu, daga Agadas zuwa Kano, daga nan wani direban albasa ya sauke shi a Zariya.

Na tambaye shi me ya hana shi komawa gida.

Ya ce, “Madam, in uwarta ta fito tarona, in ce mata me?”

A lokacin ina cikin wata ƙaramar ƙungiya mai kare haƙƙin baƙi da 'yan ci-rani. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman bene, kan hanyar Kongo. Shugabanmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a Hanwa, mutum mai manyan riguna, wanda ya ƙware wajen rubuta wa Turawa wasiƙa. Ba zan ce ba a yi abin kirki a ƙungiyar ba. Mun taɓa kwana biyu muna zirga-zirga har aka saki wasu mata biyu 'yan Nijar da aka kama a tasha ba su yi komai ba. Da zuciya ɗaya na shiga.

Wata rana a taro shugaban ya ce abokan aikinmu na ƙasar waje za su aiko da baƙi, kuma suna so su ji daga bakin wanda ya shiga Libiya ya fito. Waɗanda muke da su samari ne da iyakarsu Agadas suka juyo. Ya ce labarinsu ba shi da nauyi. Ni na buɗe baki na ce na san wani. Na sha gaya wa kaina don in taimake shi na yi. Akwai wannan. Amma akwai kuma daɗin da na ji da duk ɗakin ya juyo yana kallona, ni da aikina a ƙungiyar bai wuce shirya kujeru ba.

Telan ya ƙi. Ya ce abin da ya gaya mini, ni ya gaya wa. Na koma washegari, na koma jibi. Na ce masa mutanen nan suna da hannu a kowace ƙasa, akwai masu aikin neman waɗanda suka ɓace a hanya, akwai fom da ake cikewa. Da ya ji haka sai ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

Ya ce, “Suna samun mutane?”

Na ce, “Suna samu.”

Na kawo masa fom ɗin daga ofis. Ya rufe shago muka zauna muka cike. Sunanta, sunan uwarta, garinsu, wushiryar da ke bakinta, tabon ƙunar man gyaɗa a bayan hannunta na dama. Da aka zo wurin da za a rubuta kayan da ke jikinta a ranar ƙarshe, sai ya faɗi launin zanen da irin ɗinkin rigar, har da yawan maɓallanta, don shi ya ɗinka. Ya kafa sharaɗi biyu: kada a faɗi sunansa, kada a nuna fuskarsa. Na kai wa shugaban fom ɗin da sharuɗɗan. Ya ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

A zauren wani otal aka yi taron. Baƙi uku ne, babbarsu wata Baturiya ce mai farin gashi da ba ta jin Faransanci, don haka ni ce tsakaninsu: ya faɗa da Faransanci, in mayar da Turanci. Ya sa farar riga da ya ɗinka wa kansa don ranar. Ya yi magana kansa a sunkuye, ba ya ɗaga murya, ni kuma ina bin sa jimla bayan jimla. Da ya zo kan jarkar, sai na ga Baturiyar ta ajiye biro.

Shugaban ya karkato wajena ya ce da Hausa, “Malama, ce masa ya tuɓe rigar su gani.”

Baturiyar ba ta ji Hausa ba, amma ta ga yadda ya nuna rigar da hannu. Ta yi sauri ta ce da Turanci ba sai an yi haka ba, ta yarda da maganarsa, a bar shi.

Shugaban yana mata murmushi ya sake ce mini, “Kunya take ji. Don wannan suka hau jirgi. Gaya masa.”

Telan ya dube ni yana jiran fassara. Maganganu biyu ne a gabana, nata da nasa, kuma ni kaɗai ce a zauren na ji duka biyun. Na ce masa, “Suna roƙon ka nuna musu bayanka.”

Ya cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ninke rigar ya ɗora a kujera, ya juya. Ban taɓa ganin bayan ba sai ranar. Fatar ta tattare wuri-wuri, wani wurin fari, wani wurin baƙi mai sheƙi, daga wuya har ƙugu. Wata daga cikin baƙin ta rufe baki. Mai hoton da shugaban ya ɗauko ya matso yana ta ɗauka. Sai wani ya ture kujera a baya ta faɗi, telan ya waiwayo a firgice, hasken kyamara ya faɗa a fuskarsa.

A hanyar komawa cikin keke mai ƙafa uku, da muka kusa gida, ya tambaye ni kwana nawa akan ɗauka kafin amsar fom ɗin ta zo. Na ce ya ba su wata biyu ko uku.

Bayan mako uku, ina dawowa daga makaranta, na hango jama'a sun ɗaga kai suna kallon benen ofishinmu. Wani ƙaton ƙyalle aka rataya daga barandar sama har kusa da rufin shagon ƙasa. Hoton bayan telan ne, ya fi ƙofar gida girma, da fuskarsa a waiwaye, ido a zare. A ƙasa an rubuta da Hausa da Turanci, da jan fenti: An sayar da shi kamar dabba.

Na hau benen da gudu. Shugaban yana shan shayi. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba haka muka yi da shi ba.”

Ya ce, “Malama, hoton da ba fuska ba ya taɓa zuciyar kowa. Faɗakarwa muke yi. Matashi ɗaya ya gani ya fasa tafiya, ba mun ceci rai ba? Ai ba mu sa sunansa ba.”

Rabin mutanen Tudun Wada ta wannan titi suke bi. Kafin magariba labari ya iso layinmu. Washegari masu zama a teburin mai shayin da ke fuskantar shagon suka samu abin yi. In ya fito zubar da ƙyallaye, sai wani ya ɗaga murya, “Tela, nawa aka yi cinikinka?” Wani ya ce, “Ni da rabin haka zan saya, ai fatar ta lalace.” Su kwashe da dariya. Hausarsa ta kai ya gane. Wasu matan suka aiko aka karɓe musu yadi ba a ɗinka ba. Wata maƙwabciyarmu, mai gidan da ke jikin famfo, ta ce mini a gaban mutane ita ba za ta sa kayan da bawa ya taɓa ba, kuma wa ya san laifin da ya yi aka ƙona shi haka, ai ba a ƙona mutum a banza.

Kwana biyu ban bi ta shagon ba. A na uku ya tare ni a kan kwana. Bai yi faɗa ba.

Ya ce, “Madam, kin ce ba fuska.”

Na ce kuskure aka yi, za a sauke. Na koma wurin shugaban sau biyu. Na farko ya ce sai bayan makon faɗakarwa. Na biyu ya ce abokan aikinmu sun ga hoton ƙyallen a rataye sun yaba ƙwarai. Ban taɓa tunanin in ɗauki wuƙa in yanke igiyar da kaina ba, alhali makullin ofis yana cikin jakata.

Ana cikin haka aka sace wasu mutane a hanyar gona ta wajen Dutsen Abba, magidanci da matarsa da ƙaninsa. Gari ya ɗauki zafi. Kowa yana cewa ɓarayin suna da masu ba su labari a cikin unguwanni. Sai dariyar teburin mai shayi ta koma wani abu daban. Aka tuna Bafillace ne. Aka tuna ba wanda ya san garinsu. Wani ya ce ya gan shi yana magana da masu tallar nono da yarensu, ƙasa-ƙasa. Wani ya ce duk wanda ya je Libiya ya iya bindiga. Maganarsa da masu nono kuwa na san ta: fillancinsu da nasa rabi suke fahimtar juna, yakan tsayar da su ne don ya ji wani abu mai kama da harshen uwarsa.

Ranar Asabar bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji hayaniya. Na leƙo. 'Yan sintirin unguwa ne, su kusan goma, da gora da bulala, mutane sun biyo su. Shugabansu na san shi sarai, matarsa ɗalibata ce a da. Sun fito da telan daga shago, tef yana rataye a wuyansa. Suna tambayarsa katin shaida, yana nuna musu tafin hannu. Wani ya ce a tuɓe shi a gani ko shi ne na jikin ƙyallen. Suka yage rigar. Jama'a suka yi “Shi ne!” kamar an kama ɓarawo da kaya a hannu.

Gorar farko a ƙafa ta same shi, ya durƙusa. Suka ce ya faɗi inda aka kai mutanen. Ya sa hannu ya kare kansa, wani ya doki hannun, na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Mata suna leƙe ta kan katanga. Mai shayi bai ma daina zuba shayi ba. Suka ja shi a ƙasa, jan ya kawo su daidai ƙofarmu, sai ya gan ni.

Ya ɗaga murya da Faransanci, irin ɗagawar da ban taɓa ji daga gare shi ba. “Madam! Gaya musu kin san ni. Gaya musu ke kika kai ni wurin hoton. Gaya musu waɗanda suka ƙona ni!”

Shugaban 'yan sintirin ya ɗaga hannu aka dakata. Ya juyo ya ce, “Yawwa, Malama, ke ce mai jin yarensa. Me yake cewa?”

Duk idanun layin suka dawo kaina. Na ji 'yar ƙanwata ta riƙe mini zane ta baya. Na tuna gidajen Kirista biyu ne a layin. Na tuna kowa ya san ina zama a shagon nan muna magana da harshen da ba mai ji. Na dubi ƙofarmu, ta langa-langa ce, ƙafa ɗaya ta ishe ta.

Na ce, “Cewa yake ku yi masa rai.”

“Kin san shi?”

“Ɗinki nake kai masa, kamar kowa.”

Wannan Hausar ya ji ta. Ya daina kallona. Suka ci gaba.

Hajiya ce ta tsayar da abin. Tana gidan suna a wani layi aka je aka gaya mata. Ta taho da sandarta tana ɗingishi, ba takalmi, ta ratsa tsakiyar maza tana ture su. Ta cire mayafinta ta rufa masa a baya, ta tsaya a kansa. Ta nuna shugaban 'yan sintirin da sanda ta ce, “Kai, a hannuna aka haife ka. Sauke gorar nan a kaina in ka isa. Shekara guda yana kwana a shagona, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Wanda ya gan shi da ɓarayi ya fito ya rantse.” Ba wanda ya fito. Ba wanda kuma ya tafi, har motar 'yan sanda ta zo aka saka shi a baya.

'Yan sanda suka bincika ba su same shi da komai ba game da satar mutanen. Amma ba shi da takarda ko ɗaya da ke nuna ko shi wane ne, don haka aka miƙa shi wani ofis da ke duba takardun baƙi. Ran Litinin da safe ban je makaranta ba, na wuce wurin shugabanmu. Na ce a samo lauya, a rubuta wasiƙa cewa ƙungiya ta san shi. Ya ce abin ya taɓa maganar satar mutane, in sunan ƙungiya ya shiga ciki an gama da mu. Ya ce mu aikinmu faɗakarwa ne. Ya sa aka sauke ƙyallen a ranar, aka naɗe aka tura bayan kabad.

Da ya fita, na buɗe kabad ɗin ina neman kowace irin takarda da zan kai a matsayin shaida. A cikin fayil ɗin hotunan taron otal na ga fom ɗin neman matarsa, da rubutun hannuna, da zagayen gindin kofin shayi a kan shafin farko. Ba a aika ba. Da shugaban ya dawo na ɗaga masa shi. Ya dube shi kamar bai gane ba, sannan ya ce, “Oh, wannan. Ba ya cikin shirinmu na bana. Sai an buɗe sabon shiri.”

Ni da Hajiya muka je ganinsa ran Laraba. Ta dafa masa tuwo da miyar kuka, ta sa a kula. Aka fito da shi wani ɗan ɗaki mai benci. Ido ɗaya a rufe yake da kumburi, hannunsa na dama an naɗe shi da bandeji har wuyan hannu. Na gaishe shi da Faransanci. Ya juya wajen Hajiya ya ce da gurguwar Hausarsa, “Hajiya, na gode. Allah ya biya.” Ta buɗe kular, ta ga ba zai iya ci da hannun ba, ta wanke nata ta riƙa ba shi a baki. Na yi ta magana, ina cewa na ji tsoro ne, ina cewa ana ƙoƙari. Ko sau ɗaya bai juyo ba.

Sai da jami'in ya ce lokaci ya yi, ya miƙe, sannan ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba ya yi tambaya ɗaya da Faransanci.

“Amsa ta zo?”

Fom ɗin yana cikin jakar da ke kan cinyata. Na ce, “Ana nan ana nema.”

Ya gyaɗa kai aka shiga da shi.

A cikin keke Hajiya ta tambaye ni abin da ya ce a ƙarshe. Ban san dalili ba, ita na gaya wa gaskiya, duka, tun daga otal har abin da ya faɗa a ƙofarmu. Ta saurara har na gama. Sannan ta taɓa kafaɗar mai keken ta ce ya tsaya. Ta sauka da kularta da sandarta, a tsakiyar rana, da sauran tafiya mai nisa. Na ce, “Hajiya, ƙafarki.” Ta ce, “Ƙafata ta fi jure tafiya a kan zama kusa da ke.” Har ta rasu, in na gaishe ta takan amsa, don ba ta ƙin amsa gaisuwa, amma ba ta ƙara kallon fuskata ba.

Mako na gaba da na koma aka ce an tafi da shi. An haɗa shi da wasu an kai su kan iyaka ta arewa, domin ta nan ya ce ya shigo. Ba wanda ya san inda ya nufa daga can. Ba waya gare shi, kuma hannun da yake riƙe almakashi da shi ne aka karya.

Bayan kamar wata guda Baturiyar ta kira ta kwamfuta, muna zaune mu biyar a ofis muna kallon fuskarta. Ta yaba aikin faɗakarwa. Ta tambayi lafiyar mutumin da ya ba da shaida, ta ce labarinsa bai bar ta ta yi barci ba kwana da kwanaki. Shugaban ya ce ai labari mai daɗi ne, ya koma ƙasarsu don raɗin kansa. Ta yi murna. Ta ce tana so ta ji daga bakina, tunda ni ce abokiyarsa: ya tafi da kwanciyar hankali? Shugaban yana gefena yana juya biro. Na ce e.

Ban yi wata fitar jarumta daga ƙungiyar ba. Na rage zuwa taro, na mayar da makulli ta hannun wani, shi ke nan. Fom ɗin kuwa ni na aika shi da kaina, bayan wata abokiyar aikina ta nemo mini adireshin masu neman waɗanda suka ɓace. Abin bai ɗauke ni rabin awa ba. Cikin kwana goma suka amsa, cikin ladabi. Suka ce sun karɓa, za su iya fara aiki, amma ƙa'idarsu sai sun yi magana da mai neman da kansa, don haka in turo lambar wayarsa ko inda yake zaune. Na karanta na rufe.

Mutanen Dutsen Abba sun dawo gida bayan wasu makonni. Wanda aka kama da hannu a ciki wani ɗan garinsu ne. A layinmu ba wanda ya ce komai. Shugaban 'yan sintirin yana nan, in mun haɗu ya rusuna ya gaishe ni, in tambaye shi matarsa da yara.

Da bikin 'yar maƙwabciyarmu mai gidan jikin famfo ya matso, ta shigo gidanmu da leshi a leda, ranta a ɓace. Telan da ta kai wa ya ɓata wuyan rigar amarya, ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta baje mini a kan tabarma in gani. Ta zazzagi telolin yanzu, sannan ta rage murya ta ce, “Malama, wai wannan Bafillacen naki, ba ki san inda yake ba? Ko a Kano ne sai in aika masa.”

Na ce ban sani ba.

Ta tattara leshinta tana tsaki. Ta ce, “Kai, an yi asarar hannu.” Ta tambaye ni ko ina da zare ruwan gwal, na shiga ɗaki na ɗauko mata.